Kafin Barira Ta Dawo

Ƙarfe biyar saura kwata a Rikkos,
sanyi ya shigo ta ƙarƙashin ƙofa, ko sallama babu.
Barira na asibiti, aikin dare.
Ta bar min saƙo a bayan takardar kuɗin wuta:
"Ots kofi biyu. Ayaba uku, waɗanda suka yi baƙi.
Ban da zuma a na Huzaifa, bai shekara ba.
Ban da gishiri. Kuma kada ka yi min wayo."

Ni da na saba kwance injin mota,
ga ni a tsugune da cokali mai yatsu
ina murƙushe ayabar da mai tebur a Farin Gada
ya kusa ba ni kyauta don ta ƙi sayuwa.
Ashe abin da kasuwa ta raina
shi zai zaƙaƙa mana gida yau.

Na zuba ots, ya sauka kamar yayyafi a kan kwano.
Na barbaɗa kirfa, na yi atishawa sau biyu.
Na raba ƙullun gida uku:
na Huzaifa zalla, mai laushi, tsawon ɗan yatsa,
yadda zai cika masa hannu;
na Siyama da dabino da dakakkiyar gyaɗa,
don ita aji biyu take, kuma ta san haƙƙinta;
na Baba Tanimu da ɗan garin acca,
tunda likita ya shiga tsakaninsa da sukari
shekara huɗu ke nan, har yau bai yafe ba.

Ina kai hannu kan tanderu, aka ɗauke wuta.

Na tsaya cikin duhu, hannu duk ƙullu.
Sai na tuna Inna a Bukur, daren jajiberin salla,
da tukunyar ƙarfe, da yashi a gindinta.
Na fita da fitilar waya,
na ɗebo yashi a ginin maƙwabci, Allah ya yafe min,
na hura gawayi har idona ya yi ja,
na ɗora faranti a kan duwatsu uku,
na rufe, na zauna ina gadi
kamar mai jiran a kira sunansa a layin banki.

Zubin farko ya ƙone ta ƙasa.
Na ɓoye shi a bayan kwalin shayi.

Na biyu ne ya tashi gidan.
Ƙamshi ya riga ni zuwa ɗakin Baba,
ya fito da hular sanyi har kunne
yana cewa, "Wa ya yi baƙo?"
Siyama ta zo da safa ɗaya a ƙafa,
ta gutsura, ta yi shiru irin na alƙali,
ta ce, "Bai kai na kanti zaƙi ba,"
sannan ta cusa uku a aljihun rigar makaranta.

Huzaifa a cinyar Baba,
haƙora biyu a ƙasa, sababbi fil.
Baba ma biyun suka rage masa, a sama.
Suka dubi juna, kowa na mamular nasa,
wata goma da shekara saba'in da tara
sun haɗu a kan faranti ɗaya.

Bakwai da rabi, mai keke ya tsaya a ƙofa.
Barira ta shigo da warin magani a mayafinta,
idanunta sun yi nauyi.
Ta dubi toka, ta dubi yashi, ta dube ni.
Na miƙa mata mafi kyau a cikinsu.
Ba ta karɓa ba.
Ta zura hannu bayan kwalin shayi
kamar ita ta ajiye,
ta kankare baƙin da farce,
ta ci a tsaye, jaka na rataye a kafaɗa.
Ta ce, "Gobe ka ƙara yashi."